Manomin da ya manta sunan matarsa

Kin ce ranar da aka sallamo ɗanki daga asibiti kin yi godiya har muryarki ta dushe, amma yanzu wata uku ke nan zafin godiyar ya huce a zuciyarki, har kina jin kunyar Ubangiji. Matso kusa, 'yata. Ba a kanki aka fara ba.

An yi wani manomi a wani ƙauye, ga ƙwazo ga mita. In ruwa ya yi yawa ya ce gero zai ruɓe, in ya ɗauke kwana biyar ya ce shi ke nan, bana an yi asara. Wata damina yana noman gyaɗa sai kububuwa ta sare shi a dunduniya. A amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan mota ta wuce da shi asibitin mishan, jini na fita ta dasashinsa. Kwana tara ba a san inda zai faɗa ba, sannan Allah ya tashe shi. Lahadin farko da ya iya taka ƙafar, ya ja akuyar godiya har gaban majami'a, ya ba da shaida yana hawaye, matan zumunta suka yi ta waƙa. Amma kafin a yanke dawa mitar ta dawo. Wata rana matarsa ta ajiye masa tuwo, ya ɗanɗana ya ture, wai miyar ba daddawa. Ta dube shi ta ce a hankali, "Maigida, kwana tara na yi a gindin gadonka ina roƙon Yesu ya bar mini kai, ko da mitar taka ce. Ya kuwa bar mini. Ni har yau ban gama gode masa ba." Ya jawo tuwon ya cinye.

Daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari: ba zai sa komai a baki da safe ba sai ya ambaci abu ɗaya da sunansa ya gode wa Ubangiji a kansa, kuma ba zai maimaita na jiya ba. Da farko abin ya yi masa wuya. Wata safiyar baki ne kawai ke faɗa, zuciya na can wurin tsadar taki. Ya dai ci gaba. Yau tunkiya ta haihu, gobe maƙwabci ya ara masa garma, jibi ciwon baya ya lafa. Shekarar da babbar 'yarsu ta rasu wurin haihuwa, washegarin jana'iza ya riƙe ƙwaryar koko har ya huce. Can ya ce, "Na gode da shekara ashirin da biyu da ka ba mu ita." Sannan ya sha.

Da tsufa ya kama shi sosai, sai mantuwa ta shigo. Ya manta hanyar gonarsa, ya manta sunayen 'ya'yansa, daga baya har matar da suka yi shekara hamsin tare. In ta shigo ɗakin sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, daga ina?" Takan amsa masa da fara'a, ta fita bayan rumbu ta yi kukanta. Wata safiya ta miƙa masa koko, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta, bai gane ta ba. Sai ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya ce, "Ubangiji Yesu, na gode da wannan baiwa taka da ta kawo mini koko da ɗuminsa. Ni ban san ta ba, amma kai ka san ta. Ka sa mata albarka." Tsohuwar ta ce amin, ta zauna kusa da shi har ya shanye. Daga baya ta faɗa wa matan zumunta cewa duk zamansu ba ta taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba.

To kin ji, 'yata. Kada ki jira zuciya ta sake ɗaukar zafi irin na ranar sallama. Gobe da safe ki nemi abu ɗaya, ko ƙarami ne, ki ambace shi a gaban Ubangiji, jibi ki nemi wani. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.