Ramukan Kusa a Ƙofar Fijo

Wata bakwai Idrisu ya yi yana kwance tambarin masaƙarsu ta Bompai daga ƙofar Fijo kafin ya tafi zance wurin Safiyatu, domin ta ɗauka motarsa ce. Ranar da ya nemi izinin turo magabatansa, ba ta dube shi ba. Sai ta ɗora yatsa a kan ramukan kusoshin tambarin da ke ƙofar motar.

"Malam Idrisu, tun zuwanka na farko na san kai direba ne. Kullum jira nake ka faɗa da bakinka."

"Tsoron rasa ki nake yi," in ji shi.

"Da direban ne ya tambaya, wallahi da na amince. Mai motar nan kuwa, ban san shi ba."

Ta ja mayafinta ta shige zaure, ba ta waiwayo ba.