Ɗan Baduku a Gaban Keke

Tunda ka ce yaronka bai isa a koya masa komai ba tukuna, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani baduku da ya sayi keke. Yana da ɗan fari mai shekara uku, ka kuwa san halinmu da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ko da sonsa zai kashe ka. Shi kuwa baduku ya ɗauki son duniya ya ɗora wa yaron nan, sai ya samo dabara. Ya yanki fata ya cusa mata auduga, ya ɗinka ɗan sirdi a ƙarfen gaban keke, ya ɗaura 'yar sanda ta aza ƙafa don kada taya ta ci masa diddige. In an yi magana sai ya ce ai aiki ne ya yi wa uwar yawa. Kullum da la'asar za ka gan su suna zaga gari, yaro tsakanin hannuwan ubansa yana kaɗa ƙararrawa, wata rana har da uwar a kariyar bayan keke da jaririya a goye. Abu ɗaya ke katse musu daɗi: baduku ba ya wuce babba a kan keke. Duk inda ya hango furfura sai ya matse birki, kowa ya sauko, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan a sake hawa. Matar har tsiya take yi masa, wai saukarsu ta fi tafiyarsu yawa.

Labari ya kai ƙauye wurin surukinsa, wani tsoho da ba ya magana biyu. Ya aiko cewa yaron da ake yawo da shi kwararo-kwararo kamar tallan goro ba zai tashi da tarbiyya ba, a kawo masa jikansa ya riƙe. Wa ya isa ya ce wa suruki a'a? Dole baduku ya amince, ba don ransa ya so ba. Ranar tafiya ya ce a ransa, tunda hawan ƙarshe ne, bari yaro ya more shi.

Ya kuwa more. An yi ruwa da asuba, hanya ta kwanta, ba ƙura ba taɓo, gero ya yi kore shar dama da hagu. Uwa ta ƙara tamke majanyi ta zauna a kariya a karkace, ƙullin kayan yaron na reto a kan keke. Yaro sai ihu yake yana nuna duk abin da ya gani, balbela, jaki, masu tallan nono. Jaririya ma da ba ta taɓa barin gari ba, iska na kaɗa mata hula tana ta ɓangala dariya. Da suka iso gangaren da ke shiga ƙauyen, baduku ya saki feda, keke ya ɗauki wuta, iska ta cika masa riga, daɗi ya kwashe shi har ya manta abin da ya kawo shi, ya shiga taya ɗansa ihu kamar sa'ansa. Idonsa na kan hanya, matar kuma ta ba gonakin dama baya. Babu wanda ya lura da wani mutum zaune a bakin gona ta dama, malfa ta rufe masa fuska, farin gemu kawai ake gani, sai yaron. Ya hau dukan hannun ubansa yana cewa, "Baba, ga tsoho, a sauka."

Da ƙyar birki ya kama, sai da suka zarce da taku ashirin. Kafin baduku ya jingine keke, yaro ya zame ƙasa ya koma da gudu, ya yar da 'yan takalmansa, ya durƙusa ya dafa ƙasa, ya yi sannu da hutawa cikin gwarancinsa. Tsoho ya ɗaga malfa. Ashe surukin ne. Yaron bai san shi ba, rabonsa da shi tun yana goye. Baduku ya zube can nesa yana gaisuwa, don ya san da ya wuce surukinsa a guje yana ihu bai tsaya ba, da ya zubar da mutuncinsa har abada.

Tsoho ya daɗe yana kallon jikansa. Ya tambayi 'yarsa ko an gaya wa yaron wane ne shi, ta ce su kansu ba su gan shi ba. Sai ya karɓi jaririya yana tsokanarta wai matarsa ta zo masa hannu rabbana. Aka shiga gida, aka wuni aka ci aka sha. Da la'asar baduku ya kwanto ƙullin kayan yaron zai miƙa, sai tsoho ya ce, "Mayar da shi inda ka kwanto. Makarantar da yake ciki ta fi tawa."

Baduku ya tura keke har bayan gari saboda kunya, sannan suka hau su huɗu. Gangaren safe yanzu ya zama tudu, amma don murna bai san lokacin da ya haye shi ba.

Ka ga, ko sau ɗaya bai taɓa zaunar da yaron ya ce masa ga yadda ake gaida manya ba. Sauka kawai yake yi, yaro na kallo. Shi ya sa Hausawa suka ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.