Maganaɗisun da Aka Dafa a Ruwan Gishiri

Tunda ka ce gwaji ɓata lokaci ne, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani gari na bakin teku an yi wasu injiniyoyi biyu a masana'anta ɗaya. Aikinsu haɗa maganaɗisu, ƙarfen nan mai jan ƙarfe, wanda shi ke juya injin lantarki na jirgin ruwa. Da garin wasu ma'adanai masu wuyar samu ake yin sa, a danne a gasa, ya fito da ƙarfin ja na ban mamaki. Sai dai ga raki: zafi yana kashe masa ƙarfi, gishiri yana cin sa, in ya bugu kuwa ya tsage kamar tangaran. Na farkon gwanin nuni ne. Maganaɗisunsa bai fi kwalin ashana ba, amma a gaban jama'a ya ɗaga uwar maƙera da shi, aka yi ta tafi. Na biyun kuwa har haushi yake ba mutane. Ya ƙara wani sinadari da ya rage wa nasa ƙarfi, ya yi masa rufi hawa uku, sannan ya shiga gana masa azaba. Ya tafasa shi a tukunyar ruwan gishiri, ya gasa shi awa guda cur, ya ɗaure shi a jikin injin niƙa ya sha girgiza. Cikin goma tara su lalace, ya zubar ya sake sabon lale. Ranar da aka ce ya nuna nasa, guduma kaɗai ya iya ɗagawa. Aka bushe da dariya, aka laƙaba masa Mai Tukunya, ana tambayarsa ko romon ya yi. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, ya dai haɗiye.

Ana nan sai mai wani jirgin fito ya zo neman inji biyu. So ya yi a zuba masa na gwanin a duka biyun, amma kayan ba su isa ba, dole injin hagu ya samu na Mai Tukunya. Aka ɗaura, jirgin ya yi mako uku a gaɓa yana shan iskar gishiri. Al'adar wurin kuwa, duk wanda ya sa hannu a inji, da shi za a yi fiton farko. Ranar ta zo, mutum sittin suka shiga, yawancinsu mata masu kifi, wasu da goyo. Mahaifiyar Mai Tukunya ta ce ita ma sai ta hau jirgin da ɗanta ya yi wa aiki. Ya yi magiya, ta ƙi sauka.

Da rana tsaka suka kai inda kogi ke zuba a teku. Iska ta taso, ruwa ya kama jan jirgin zuwa wasu baƙaƙen duwatsu. Matuƙi ya buɗe wa injunan wuta gaba ɗaya. Na dama ya yi ta gurnani kamar gaske, can sai muryarsa ta canza, aka ji kamar tsakuwa na gudu a ciki, farfelarsa ta yi sanyi, ta tsaya cak. Jirgi ya karkace, mata suka ɗauki salati. Mai Tukunya ya dira ɗakin inji ya tarar da allurar ma'aunin zafin injin hagu tana hawa, har ta tsaya daidai zafin da yake gasa maganaɗisunsa. Ya dubi agogo. Matuƙi ya leƙo ya daka masa kira: "Malam, zai kai mu?" Ya ce, "Awa guda na sani. Abin da ya wuce nan, Allah ne masani."

Inji ɗaya da nauyin mutum sittin, tafiyar sai ka ce ta hawainiya. Minti arba'in, duwatsun na nan a gefe, har kumfar da ke dukansu ana gani. Minti hamsin da biyar. Gwanin na tsugune a lungu, ya haɗa kai da gwiwa. Mai Tukunya tsoro ya kama shi, domin ta ƙofar sama yana hango ƙafafun tsohuwarsa da jelar carbinta tana lilo. Awa ta cika, gaɓa da saura. Daga nan ba shi da sauran sani, sai waɗancan taran da ya riƙa zubarwa suke faɗo masa a rai ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa kunne ga injin, yana jiran muryarsa ta canza. Ba ta canza ba. Awa guda da minti goma sha biyu goshin jirgi ya daki yashi.

Da aka kwance injunan, sai ga maganaɗisun gwani duk ya tsattsage, tsatsa ta bi tsagar ta ci ciki, ko ƙusa ya kasa ɗagawa. Aka kawo gudumar nan da aka yi wa dariya, na Mai Tukunya ya cafke ta kamar ranar farko. Babu wanda ya yi tafi, babu kuma wanda ya sake tambayar romo. Washegari da sassafe gwanin ya yi sallama a ƙofarsa, ya zo aron tukunya.

To ka ji. A kan busasshen tebur, cikin inuwa, kowane ƙarfe jarumi ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.