Rim ɗin da ke Jikin Mangwaro

Ƙarfe biyu saura kwata aka buga ƙararrawar tashi, tsohon rim ɗin tayar mota da ke rataye a mangwaron makarantarmu a Unguwar Mu'azu. Ƙanwata Hafsa ta toshe kunnuwa tana ihu, kamar kullum. Hedimasta ya ce kada ta dawo, wai aljanu gare ta.

Ni da ko gaisuwa nauyi take min, na shiga ofishinsa da takardar roƙon da 'yan ajinmu suka sa wa hannu.

"Malam, ba aljanu ba ne. Ƙarar ce take mata zafi. Don Allah."

Ya karɓi takardar ya karanta.

"Daga gobe ke za ki riƙa bugawa," in ji shi. "Ta dawo, amma ki riƙa gaya mata tukuna kafin ki buga."