Kujerar Rosnidar

Kujera ta bakwai ke nan Masril yake gwadawa a shagon Darwis kafinta, ita ma ba ta yi masa ba. Ya zauna, ya ɗan sunkuya, ya miƙa hannuwa gaba kamar mai jin ɗumi, sannan ya tashi dafe da ƙugu.

"Hannuwan wannan za su tokare gwiwar hannu. Kawo wata."

"Uda Masril, wai kujera kake saye ko amarya kake zaɓe?" in ji Darwis, yana kiransa Uda, wato yaya, kamar yadda ake yi a garin. "Matar taka duka nawa take? Wannan ai ƙafarta ma ba za ta taɓa ƙasa ba. Ka kawo ta ta gwada mana."

"Ba ta son fita."

Duk garin Koto Gadang an san leshin saƙar hannu na gidan Rosnidar, matar Masril. Amaryar da gefen mayafinta bai fito daga can ba, komai adonta da saura. To ga shi saura kwana tara bikin 'yar yayar Rosnidar, leshin ko rabi bai kai ba, domin ciwon baya ya hana zama a ɗan bencin da aka saba. Yayyenta mata kuwa tuni suka fara ƙus-ƙus: in ta gaza, ta miƙo matashin da ake ɗora saƙar a kai da alluran da ta gada wurin uwarsu, a ba wata. A garin nan gado ta wajen mata yake bi, miji baƙo ne a gidan matarsa, ba mai tambayarsa. Abin yana cin Masril ƙwarai, don ya san ran da matashin nan ya fita, Rosnidar ba za ta ƙara ɗaga kai a cikin dangi ba.

Daga ƙarshe Masril ya nuna wata mai faɗi, mai dogon majingini. Darwis ya kwashe da dariya, ya ce shekara talatin yana sana'ar nan bai taɓa ganin namijin da ya san tsawon matarsa ba. Da suka yi musabaha ya dubi yatsun Masril, duk tabon suka, ya ce lallai ƙayar lambu ba ta raga masa ba.

Masril ya ɗaure kujerar a bayan babur, ya bi ta tsakiyar gari. Matan da ke dawowa daga kasuwa suka bi shi da sa albarka, wai haka ake son miji.

Ya tarar da Rosnidar a bakin taga inda ya bar ta. Ta shafa kujerar daga sama har ƙasa.

"An gan ka?"

"Kowa ya gani. Har albarka suka sa mini."

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Masril ya sa sakata, ya sauke labule, ya zauna a kujerar ya jawo matashin gabansa, ita kuma ta fara karanto masa zanen furannin da ka, kamar yadda take yi tun bara da idonta ya daina ganin zare.