Hadarin Wasu

Tun da Hukumar Gajimare ta Duniya ta karɓe rabon damina, ruwa ba ya sauka sai inda aka rubuta masa. Malam Jatau ya sani sarai. Amma da ya ga gabas ta haɗe, sai ya kasa haƙuri, ya binne ragowar irin geronsa a busasshiyar ƙasa, yadda mahaifinsa ke yi.

Da azahar ya garzaya ofishin hukumar.

"'Yata, yaushe zai sauka?"

"Baba, wannan ba namu ba ne," in ji ma'aikaciyar. "Na gonakin ƙetare ne. Mu sai baɗi."

Ya koma gona. Hadarin na wucewa a jere, baƙi ƙirin, ko tsawa babu. Ƙamshin ruwa ya cika gari, zabi kuwa na ta tone irin.