Tsallen Dattijon Idu

"Ƙara masa tsalle," in ji Elvis, abokin aikin Saleh.

Saleh ya ja layin motsi a manhajar gyaran bidiyo. Dattijon da aka ɗauka ta baya yana faɗuwa a titin Idu ya doki ƙasa, ya taso kamar ƙwallon roba, ya sake dokawa. Suka yi dariya har da ƙwalla. Saleh ya ɗora bidiyon a intanet ba suna, kafin la'asar ya zaga Abuja.

Sai ga kiran ƙanwarsa Kauthar, tana kuka.

"Yaya, Baba ya yanke jiki ya faɗi a Idu, ya rasu. Wani tsinanne ya mai da shi abin dariya. Mama ta gani, ta ce Allah ya isa. Kai ka san aikin nan, ka nemo mana shi."